Kwana Tara Daga Würzburg Zuwa Füssen: Yadda Ake Zaga Tsoffin Garuruwan Karkarar Jamus a Lokacin Zafi

Lokacin da damina ta kankama a Abuja, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne lokacin zafin Turawa, kuma shi ne lokacin da mutanenmu suka fi neman bizar yawon buɗe ido. Galibi Paris da Roma ne a ransu. Sai mutum ya jera ƙasa biyar cikin kwana goma, ya dawo da hotunan tashoshin jirgi da ciwon ƙafa. Shawarata ita ce ka ɗauki yanki ɗaya na karkara, ka riƙa kwana a cikin ƙananan garuruwansa, ka bar manyan birane sai wani jiƙon. Yankin da ya fi sauƙi ga mai tashi daga Abuja shi ne kudancin Jamus, saboda akwai jirgin Lufthansa da ke zuwa Frankfurt kai tsaye, tafiyar kamar awa shida cikin dare, kuma daga filin jirgin Frankfurt zuwa Würzburg awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa mai sauri.

Daga Würzburg ne hanyar da Jamusawa ke kira Romantische Straße ta fara, ta gangara kudu har Füssen a gindin duwatsun Alps, kimanin kilomita 460. A 1950 aka raɗa mata wannan suna don jawo baƙi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma garuruwan da ke kanta sun girmi sunan da ɗaruruwan shekaru. Na bar sunayen garuruwan da rubutunsu na Jamusanci da gangan, domin haka za ka gan su a allon tasha da kan tikiti.

Kafin komai, biza. Kuɗin bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga Jamus da yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma Yuro 45. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida kwana 15 ake yi kafin amsa, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne samun ranar ganawa, don haka mai son tafiya a Yuni ya fara tun Fabrairu ko Maris. Fasfo ya kasance yana da sauran wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu fanko. Inshorar lafiyar tafiya sai ta kai Yuro 30,000. Ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa biza, ba wadda aka ce maka ta fi sauƙin bayarwa ba. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne bayanin asusun banki: a ga asusu yana tafiya da ƙananan kuɗi wata da watanni, sai kwatsam miliyoyi su faɗo mako biyu kafin ganawa, babu takardar da ta nuna daga ina. Jami'in biza ya san aro in ya gani. Tun Oktoban 2025 kuma an fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a bakin shiga, saboda haka kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa mai tashi minti 40 bayan saukarka. Ka ba kanka awa biyu. Ingila ba ta cikin Schengen, kuma ɗan Najeriya na iya buƙatar bizar wucewa ko da canjin jirgi kawai zai yi a Landan, to tikitin da ya bi ta can ba lallai ya zama mai arahar da ya nuna ba.

Guzuri. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani abu na nama ko madara haramun ne a shiga da su Tarayyar Turai. Za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, dabino ma ba ya buƙatar takarda. Wanda ya canji kuɗi a Wuse Zone 4 ya roƙi ƙananan takardu, na 10 da 20 da 50, domin mai gidan burodi a ƙauye ba zai karɓi ta 200 ba. Kuɗin hannu da suka kai Yuro 10,000 dole a bayyana su ga kwastan. Ka sa buta ƙarama ta roba a jaka, ba za ka same ta a bayan gidan kowane masauki ba. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Ka ɗauki suwaita da lema. Da rana zafi kan haura digiri 30, amma kusa da duwatsu dare kan yi sanyi irin na Jos, kuma hadari kan taso da la'asar ba sallama.

Yadda zan raba kwanakin: biyu a Würzburg, biyu a Rothenburg, ɗaya a Nördlingen, ɗaya a Augsburg, uku a Füssen.

Würzburg wurin hutawa ne daga gajiyar jirgi, amma fadar Residenz kaɗai ta isa dalilin tsayawa. An gina ta tsakanin 1720 da 1744 ƙarƙashin magini Balthasar Neumann, kuma zanen da Tiepolo ya yi a rufin matakalarta ya tsira daga ruwan bama-baman 16 ga Maris 1945, daren da aka ƙone kusan dukkan tsohon garin cikin mintuna kaɗan. Yanki ne na noman inabi, da yamma tsohuwar gadar kogin Main kan cika da masu shan barasa a tsaye. Mai iyali ya haye ta da safe.

Rothenburg ob der Tauber ita ce wadda kowa ke ɗauka hoto, kuma a nan ne maganar kwana a cikin gari take da amfani. Mutanen garin ba su wuce kamar dubu 11 ba, amma daga hantsi zuwa la'asar motocin 'yan yawon buɗe ido kan juye jama'a har ka rasa wurin taka ƙafa a lungun Plönlein. Da ƙarfe biyar sun watse. Wanda ya kwana a ciki shi ke da garin daga yamma zuwa ƙarfe tara na safe. Duk wanda ya san Badala a Kano zai gane tsarin nan take: gari a tsakiya, ganuwa ta kewaye shi, ƙofofi masu suna. Bambancin shi ne tasu ta dutse ce, an yi mata barandar katako mai rufi ta ciki, ana hawa kyauta a yi tafiya a kanta ana leƙa tsakar gidajen mutane. Za ka ga duwatsu a jikinta ɗauke da sunaye daga ƙasashe daban-daban. Sunayen waɗanda suka ba da kuɗin sake gina ta ne bayan harin 31 ga Maris 1945 ya rushe wani babban ɓangare na garin. Mu da ganuwarmu ta ƙasa ke zaizayewa ana yanka filaye a kanta, wannan dabarar ta sayar da mita ɗaya ta bango ga mai son a rubuta sunansa abin dubawa ce. Matakalar hawa ƙunci gare ta kuma a tsaye take, tsoho mai ciwon gwiwa ya haƙura. A kwana na biyu ka fita ta lambun Burggarten ka gangara kwarin kogin Tauber a ƙafa zuwa ƙauyen Detwang, kamar rabin awa. Nan ne karkarar take, da tsoffin injinan niƙa na ruwa da gonaki. Dawowar hawa ce, ka tafi da ruwa.

Dinkelsbühl ba ta buƙatar kwana, awa uku sun isa, sai dai Yaƙin Duniya bai taɓa ta ba, don haka gidajenta na asali ne ba gyararru ba. A tsakiyar Yuli suna bikin Kinderzeche, tunawa da kewayen da sojojin Suwidin suka yi wa garin a 1632, kuma a makon nan masauki sai wanda ya riga.

Nördlingen ce na fi so a ba lokaci, ga ta kuma ba cunkoso. Garin yana zaune ne a cikin wani ƙaton kwari mai faɗin kimanin kilomita 25, wanda dutse daga sararin sama ya haƙa kusan shekara miliyan 15 da suka wuce. Sai a 1960 masana biyu daga Amurka, Shoemaker da Chao, suka tabbatar da haka, kafin nan ana ɗauka bakin tsohon dutse mai aman wuta ne. A 1970 'yan sama jannatin Apollo 14 sun zo nan koyon gane duwatsu. Ganuwar garin cikakkiya ce, kilomita biyu da rabi da 'yan kai, ƙofa biyar, za ka iya zagaye ta gaba ɗaya ba tare da ka sauko ba, cikin awa guda in ba ka tsaya ɗaukar hoto ba. Hasumiyar cocin tsakiyar gari, wadda suke kira Daniel, tsayinta mita 90 ne, matakala kusan 350. Daga samanta ake ganin garin zagayayye kamar faifai, da bakin kwarin can nesa. Har yau akwai mai gadi a samanta da ke kira da dare, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. In masaukinka na kusa, kada ka firgita.

A Augsburg abu ɗaya zan ce kada ya wuce ka: Fuggerei. Unguwa ce da attajiri Jakob Fugger ya kafa a 1521 domin talakawan garin, abin da mu za mu kira wakafi. Gida 67, ƙofofin unguwar ana rufe su ƙarfe goma na dare, kuma kuɗin hayar shekara har yanzu santi 88 ne, wato bai kai Yuro ɗaya ba, da sharaɗin mai zama ya kasance mabuƙaci, ɗan ɗariƙar Katolika, mazaunin Augsburg, mai yi wa wanda ya kafa addu'a sau uku a rana. Shekara 500 ke nan dukiyar wakafin na ɗaukar nauyin gyara. Mutane na zaune a ciki, ba gidan tarihi ba ne kawai, don haka ba a leƙa taga.

Füssen ita ce mashigar fadar Neuschwanstein, wadda Sarki Ludwig na Biyu ya fara ginawa a 1869 ya rasu a 1886 bai gama ba. Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Tikitin yana ɗauke da lokacin shiga, minti da minti, kuma a lokacin zafi kan ƙare makonni kafin ranar, sai a saya ta intanet tun daga gida. Daga tashar Füssen bas mai lamba 73 ko 78 ke kai mutum ƙauyen Hohenschwangau, daga nan kuma akwai hawan tudu na minti 30 zuwa 40 kafin ƙofar fada. Mutane kan lissafa isowarsu ƙauyen a matsayin isowa fada, lambarsu ta wuce a allo, tikiti ya mutu, ba a mayar da kuɗi. Ka iso ƙauyen awa ɗaya da rabi kafin lokacinka. Zagayen ciki kamar rabin awa ne kuma ba a ɗaukar hoto. Gaskiya, wajen ya fi cikin: gadar Marienbrücke da tafkin Alpsee kyauta ne, kuma su za ka fi tunawa. Sauran kwana biyun na tafkuna da makiyaya ne, da cocin Wieskirche da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawa, wanda aka gina tsakanin 1745 da 1754.

To, jirgin ƙasa ko mota? Akwai tikitin wata da ake kira Deutschlandticket, wanda ya fara da Yuro 49 a 2023, ya koma 58 a 2025, sannan 63 a 2026. Yana aiki a duk ƙananan jiragen ƙasa da bas na ƙasar, amma ban da masu sauri irin ICE da IC. Tarkonsa biyu. Na farko, da watan kalanda yake tafiya, in tafiyarka ta ratsa ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli sai ka biya biyu. Na biyu, rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba za a ci gaba da cire maka kuɗi kana Gwarinpa. Ga iyali, Bayern-Ticket, na jihar Bavariya da garuruwan nan ke ciki, ya fi dacewa: tikitin yini ɗaya, har mutum biyar, a rubuta sunan kowa a jiki, amma ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe tara na safe. Shiga jirgin takwas da rabi da shi daidai yake da shiga ba tikiti, tarar kuma Yuro 60 ce. Zuwa Rothenburg sai an canza jirgi a wata 'yar tasha mai suna Steinach. Dinkelsbühl ba ta da jirgin fasinja na kullum, sai bas, kuma bas ɗin ƙauye ranar Lahadi kan zama biyu ko uku a yini. Wannan tsakanin, daga Rothenburg zuwa Nördlingen, shi ne inda mota ke biyan kuɗinta.

Mai hayar mota ya tanadi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na Najeriya. Kamfanonin haya kan riƙe kuɗin jingina a kan katin bashi mai sunan direba, kuma da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum, to ka tambaya a rubuce kafin ka biya, kada ka isa kanta a ce babu mota. Mafi yawan motocin manuwal ne, otomatik sai an nema musamman kuma ta fi tsada. Hannun tuƙi irin namu ne, dama. Allon sunan gari mai ruwan ɗorawa shi kansa umarni ne: daga nan gudu kilomita 50, ko ba a rubuta ba. Bayan gari 100. Kyamarori na ɓoye a bakin ƙauyuka, takardar tara kuma kamfanin haya za ta je, su cire daga katinka har da ladan wahalarsu. Dokar da ta fi rikita direban Abuja ita ce ta mahaɗar da ba alama: wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito kai kana kan miƙaƙƙen titi. Yaron da bai kai shekara 12 ba kuma bai kai santimita 150 ba sai da kujerar yara. Kada ka shiga cikin ganuwa da mota, titunan na keken doki ne. A ajiye ta a filin da ke wajen ƙofa. Füssen kuma a bakin iyakar Ostiriya take, in ka tsallaka ka hau babbar hanyarsu sai da sitikar biyan kuɗin hanya.

Sallah na buƙatar shiri tun daga gida. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a yankin sai wajen tara da rabi na dare, ta fito biyar da 'yan mintuna. Isha kan kai sha ɗaya da wani abu, asuba kuma wajen uku. Saboda shafaƙi ba ya gama ɓacewa sosai a waɗannan makonni, manhajojin waya kan saɓa wa juna da kusan awa guda, don haka ka bi jadawalin masallacin gari mafi kusa. Alƙibla kudu maso gabas take, ba arewa maso gabas kamar a Abuja ba. A Malikiyya matafiyi na ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, kuma tsarin da na kawo bai kai haka a ko'ina ba. Maganar haɗa Magariba da Isha ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Juma'a ka daidaita ta faɗo a Würzburg ko Augsburg, inda masallatai suke da yawa, galibi na Turkawa, wasu a cikin gini da ba za ka gane masallaci ba ne daga waje.

Abinci a karkarar Bavariya alade ne ginshiƙinsa, gara a faɗa maka gaskiya. Kalmomin da za ka haddace: Schwein alade, Schinken da Speck naman alade da aka sarrafa, Schmalz kitse, Wurst tsiran nama wanda kusan kullum da alade a ciki. Matsalar ita ce Speck kan ɓuya a inda ba ka zata ba, cikin miyar dankali, cikin kabeji, cikin soyayyen dankali. Cewa ba ka cin nama bai wadatar ba, ka ambaci Speck da sunansa. Abin da ya fi aminci shi ne kifin Forelle da dafaffen dankali, ko Käsespätzle, wata taliya da cuku da soyayyar albasa, bayan ka tambaya. Apfelschorle ruwan tuffa ne da soda, ba komai a ciki. Radler kuwa barasa ce da aka gauraya da lemo, kada sunan ya ruɗe ka. Kusan kowane gari yana da shagon döner, wato shawarmar Turkawa, a tambaye su ko naman halal ne. Iyali su nemi masaukin da ake kira Ferienwohnung, gida mai kicin, a sayi shinkafa da ƙwai da kifi a Aldi ko Lidl a dafa, kuɗin abinci ya ragu sosai. Sai dai a Bavariya shaguna na rufewa ƙarfe takwas na dare, ranar Lahadi kuma ba sa buɗewa sam, ban da gidan mai da wasu shagunan manyan tashoshi. Wanda ya iso ƙauye daren Asabar hannu rabbana zai yi Lahadi da biskit. Ruwan famfo ana sha. Robar ruwa da gwangwani akwai santi 25 na jingina a kansu, ana mayarwa a injin da ke bakin shago.

Ƙananan masaukai, Gasthof ko Pension, iyali ne ke tafiyar da su. Babu mai jiran baƙo da tsakar dare, in za ka wuce shida na yamma ka kira a faɗa maka inda za a ajiye makulli. Yawanci ba lifta, ba na'urar sanyaya ɗaki, ga matakala ƙunci, to babban akwati mai kilo 23 azaba ne a kan titin dutse. Daga ƙarfe goma na dare ana son shiru, hirar waya da 'yan gida da babbar murya kan jawo ƙwanƙwasa ƙofa.

Abu biyu na lafiya. Ciyawar kudancin Jamus akwai kaska, kuma tana ɗauke da cutar Lyme da wata mai kama ƙwaƙwalwa. Mai shiga daji ko makiyaya ya sa dogon wando, ya duba jikinsa da na yara da dare, bayan gwiwa da hammata da bayan kunne. In an samu, a cire da hantsaki a miƙe, ba a matsa cikinta, ba a shafa mata mai. Na biyu, in zazzaɓi ya kama ka, ka gaya wa likita daga Najeriya ka zo a gwada maleriya, domin likitan ƙauye ba ita zai fara zato ba. Lambar gaggawa 112 ce.

Game da wata, Yuni ya fi. Hutun makarantun Bavariya daga kusan farkon Agusta yake zuwa tsakiyar Satumba, ya haɗu da dogon hutun yaranmu, kuma a lokacin masaukan Füssen kan cika su yi tsada. Wanda ba shi da zaɓi sai Agusta ya kama ɗakin Füssen da na Rothenburg tun lokacin da yake haɗa takardun biza, irin wanda ake iya sokewa kyauta. Ranar dawowa kuma kada ka taso daga Füssen da nufin kama jirgin Abuja a yinin. Awa biyu ne zuwa Munich, daga can kuma fiye da awa uku zuwa filin jirgin Frankfurt, jiragen ƙasan Jamus kuwa sun daina cika alƙawari kamar da. Ko dai ka sayi tikitin da dawowarsa ta fara daga filin jirgin Munich, ko ka kwana na ƙarshe a Frankfurt.